Taƙaitaccen Tarihin Ciro Ƙarfen da Ya Karye a Saiwar Haƙori

A cikin kowace saiwar haƙori akwai wata 'yar siririyar kafa wadda jijiya ke bi. Idan ƙwayoyin cuta suka kama jijiyar, likita kan share kafar da wani ɗan magagari mai kama da allura, sannan ya toshe ta, domin haƙorin ya tsira daga cirewa. Sai dai wani lokaci magagarin kan karye, guntunsa ya maƙale can ciki. Wannan takarda za ta duba yadda likitoci suka yi ta fama da wannan matsala.

Tun a shekarar 1838 Edward Maynard, wani likitan haƙori a Amurka, ya goge sifirin ɗin agogo ya mayar da shi kayan share kafar saiwa. A wancan zamani likita laluben duhu yake yi, don kuwa sai a 1895 Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a Jamus. Daga nan ne aka fara ganin inda guntu ya tsaya.

Gani daban, cirowa daban. A shekarun 1960 wani Bafaranshe, Jean Masserann, ya fito da wasu 'yan bututu masu kaifin baki da ke sassaƙe kewayen guntun, sannan a cafke shi a zaro. Dabarar na aiki a miƙaƙƙiyar saiwa, amma tana cin jikin haƙori da yawa, kuma a lanƙwasassun saiwoyin turame tana iya huda saiwar.

A 1988 Walia da abokan aikinsa suka gwada magagari na gamin nikel da titaniyam, wanda ke bin lanƙwasa cikin sauƙi. Illarsa ita ce yakan karye ba tare da ya nuna alamar gajiya ba, musamman da aka fara juya shi da inji. A shekarun 1990 kuma madubin ƙara girma ya shiga ɗakin aiki. Yanzu likita na iya hangen kan guntun, ya taɓa gefensa da tsinken na'ura mai karkarwa har ya saki.

Duk da wannan ci gaba, tambayar da ta rage ita ce: shin dole ne a ciro? Binciken Crump da Natkin na 1970 a Amurka, da na Spili da abokansa na 2005 a Ostareliya, sun nuna cewa haƙoran da aka bar guntu a cikinsu sun warke kusan daidai da sauran. Abin da ya fi rage warkewa shi ne ciwon da ya riga ya kama ƙashin ƙarshen saiwa.

A taƙaice, ƙarfen ba shi ne cutar ba. Haɗarinsa shi ne ya tare hanyar kaiwa ga ƙwayoyin cuta. Saboda haka likita kan auna abu uku: ya ciro guntun, ya ratsa ta gefensa, ko ya bar shi yana sa ido. Wanda ya nace sai ya ciro ko ta halin ƙaƙa, garin neman gira yana iya rasa ido.