Bindigar Maƙera da Lissafinta: Daga Fadar Kano Zuwa Nasarawa Gwom

Bindigar da maƙerin Hausa ke ƙerawa ba irin hajar da ake shimfiɗawa a kasuwa ba ce, kamar lauje ko fartanya. Sai an je an sa aiki, an yi ciniki, an ba da kafin alƙalami, sa'an nan a koma gida a yi ta jira. Don haka tarihinta ya ƙunshi tambayoyi biyu da ba su rabuwa, wato wa ke da halin biya, wa kuma aka yarda ya riƙe.

Kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta, abin kuwa shi kansa baƙo ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) aka riƙa kawo bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Borno ta riga Kano nesa ba kusa ba, domin tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma yake da 'yan bindiga Turkawa. Duk da haka, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ke shigowa birnin kowace shekara, bindiga kuwa 'yar kaɗan ya gani. Dalili shi ne tsada, da kuma takatsantsan na sarauta. Sarakuna ke saye, su danƙa wa bayinsu amintattu, su kuma riƙe albarushi a fada. Mai doki da mashi ma raina ta yake yi, yana ganin makamin bawa ce.

A Damagaram ne aka fara yi wa bindiga tanadi irin na hukuma. Sarki Tanimu (1851-1884) ya sayo bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya kuma tara maƙera a Zinder suna zuba igwa suna haɗa albarushi. Ya gane abin da kowane maharbi ya gane daga baya: sayen bindiga sau ɗaya ne, ciyar da ita kuwa kullum ne.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels, suka hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani masu cin harsashi ta baya, suka bar mana masu ɗuri ta baki. Sakamakon haka ya bayyana a Kano da Sakkwato a 1903, inda aka fuskanci bindiga mai ruwa da takobi da kibiya. Wannan iyaka da Turawa suka shata ita ta tsayar da bindigar talaka a wuri ɗaya har tsawon zamanin mulkin mallaka: harba-ka-ruga, ko bindigar toka, wadda in ka harba sau ɗaya, to, sai ka nemi mafaka kafin ka sake ɗuri.

Labarin Jos ya sha bamban da na biranen sarakuna, domin kuza ce ta gina ta. Tun kafin Turawa, Hausawa na narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, mutanen tsaunukan Filato kuma suna fitar da ƙarfe daga tama, suna farauta a kan ƙananan dawakinsu da masu. Da kamfanonin haƙar ma'adinai suka kafu a farkon ƙarni na 20, kuma ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, sai leburori da 'yan kasuwa da masu sana'a suka yi ta kwararowa daga Kano da Bauci da Zariya da Borno, har da Kudu. Daga cikinsu akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe. Abin da suka tarar ya sauya sana'arsu gaba ɗaya, wato tsohon ƙarfe a yashe ko'ina: na injinan haƙa, na layin dogo, na motoci, na famfo. Aikin da ya fi ba maƙerin dā wuya shi ne samar da dogon bututu miƙaƙƙe wanda zai jure wuta. Ga shi yanzu ana sayar da shi a cikin tarkace. Ashe kamfanin da ya zo kwasar kuza shi ya rage wa bindiga tsada ba da saninsa ba.

To, yaya mai son bindiga yake shirinsa? Galibi maharbi ne, ko manomin da birai da gyado suka dama, ko mai gadi. Da kaka yake tunkarar maƙera, lokacin da ya sayar da amfanin gona ko ɗan akuya, domin farauta sai da rani, bayan ciyawa ta bushe. Maƙeri zai tambaye shi abin da yake nufin harbi, don wadda za a bi zabo da ita ba ita za a tari gyado da ita ba. Zai dubi tsawon hannunsa da faɗin kafaɗarsa. Kuɗin ƙarfe daban, ladan mai sassaƙa ƙota daban, ladan maƙeri daban, ga ɗan abin gawayi da na yaron zugazugi. Mai hali yakan ƙara da adon farin ƙarfe da fata da layu. Ba a biya gaba ɗaya; a ba da wani abu a fara, a cike in an gwada. Gwajin nan kuwa shi ne ranar da kowa ke riƙe numfashinsa, domin bututun da aka yi wa arha yakan tsage a hannun mai shi, kuma ba a rasa tsohon maharbi mai guntun yatsa da zai ba da labari. Bayan wannan sai albarushi da dalma da kuɗin gyara, su ne ke cin mutum a hankali. A ganina abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne wanda ba a biya da kuɗi. Maƙeri ya san mai sayen, ya san ubansa, Sarkin Maƙera da Sarkin Baka sun san su duka biyu. In bindiga ta yi ɓarna, ba a wahalar gano maƙerar da ta fito.

Dokar Makamai ta 1959 ba ta rushe wannan tsari ba, rubuta shi ta yi da harshen hukuma. Ta kasa bindigogi kashi uku: na yaƙi, waɗanda sai da iznin shugaban ƙasa, na amfanin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, sai masu ɗuri ta baki, waɗanda aka bar wa Kwamishinan 'yan sanda. Wannan kashi na uku ne aka yarda maƙeri ya ƙera, shi ma da takardar izni. Bindigar soja kuwa aka kafa mata masana'anta a Kaduna a 1964.

Abin da ya karya lissafin shi ne sauyin mai saye. Rikicin Jos na Satumba 2001 da na Nuwamba 2008 sun ci ɗaruruwan rayuka, sun raba unguwanni bisa addini da ƙabila. Na 17 ga Janairu 2010 a yankin Nasarawa Gwom ya faro, a kan saɓani wajen sake gina wani gida da aka rusa a rikicin baya, kafin ya bazu har ƙauyuka. Wanda tsoro ya kora maƙera ba ya jiran kaka, ba ya taya farashi, ba ya kuma son a san sunansa. Haka nan harba-ka-ruga ba ta biya masa bukata, mai cin harsashin kanti yake nema. Injin walda da na huda ƙarfe sun sa hakan ya yiwu ga wanda bai taɓa zama gaban uwar maƙera ba, bai gaji ƙira ba, ba ya kuma ƙarƙashin wani Sarkin Maƙera. Rundunar tsaro ta musamman da aka kafa a Filato a 2010 ta sha ba da sanarwar gano irin waɗannan wurare a sassan jihar. Abin takaici, sunan maƙeri ake kiran su da shi, alhali maƙerin gado na can yana fama da garma da gatari.

Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta nemi a yi wa masu ƙira na gida rajista, a kuma sa wa kowace bindiga lamba. Nijeriya ta kafa cibiyar kula da ƙananan makamai a 2021. Dokar 1959 kuwa ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda ya ƙera bindiga ba da izni ba.