TARIHIN RUMBUN KWAMFUTA: DAGA FAIFAI MAI NAUYIN TAN ƊAYA ZUWA MEMORIN WAYARKA

Yau ba koyon danne-danne za mu yi ba, tarihi za mu taɓa. Amma ku daure ku karanta har ƙarshe, domin maganar ta shafi hotuna da muryoyin da ke cikin wayar da ke hannunku yanzu.

Kwanakin baya wani dattijo ya same ni a shago, daga wajen Doguwa ya taso. Wayarsa ta faɗa ruwa a gona, ta ɗauke gaba ɗaya. Ya ce min: "Yaro, ni ba wayar ce ta dame ni ba. Akwai muryar yayana marigayi a ciki, yana faɗin iyakar gonarmu a gaban shaidu. Ga memori nan, cire ka kwafe min." Na cire memori na saka a kwamfuta, sai ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, wai sai an yi masa fomatin. Na ce: "Baba, ku yi haƙuri, kada kowa ya taɓa memorin nan. An haɗe shi da cikin wayar ne, kuma makullinsa yana cikin wayar da ta mutu."

Me ya kawo haka? Amsar tana da tarihi mai tsawo.

FAIFAN FARKO

A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutar da ake kira RAMAC, wadda ita ce ta fara zuwa da faifan ajiya irin wanda muke gani a cikin kwamfutoci. Faya-fayai 50 aka jera a ciki, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin na'urar kuma kimanin tan ɗaya. Abin da take iya ɗauka? Harafi miliyan 5 kacal. Wato hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani sun cika ta. Kuma haya kamfanoni suke ɗauka, dala 3,200 duk wata.

Sai a 1980 kamfanin da muka sani yau da Seagate ya fito da ƙaramin faifai mai faɗin inci 5 da kwata, shi ma megabait 5 yake ci. Daga nan kasuwa ta rabu biyu. Akwai manyan faya-fayai masu tsadar gaske da bankuna da gwamnatoci ke saye, akwai kuma ƙanana masu araha na kwamfutar tebur.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wasu masana uku, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka yi wata tambaya mai sauƙi: maimakon babban faifai ɗaya mai tsada, me zai hana a tara ƙanana masu araha da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya? A 1988 suka gabatar da takardarsu, a nan ne sunan RAID ya fito. Ba su suka fara tunanin ba, domin wani ma'aikacin IBM, Ken Ouchi, ya yi rajistar dabara makamanciyarta tun a 1977. Amma su ne suka raɗa mata suna suka jera ta mataki-mataki, daga 1 zuwa 5.

Sai dai su da kansu sun hango matsala. Suka yi lissafi: idan faifai ɗaya yakan yi kimanin awa 30,000 kafin ya lalace, to in ka tara guda 100, duk bayan awa 300 ka sa ran ɗaya zai mutu. Ko sati biyu bai cika ba ke nan! Ashe tara faya-fayai kawai ƙara haɗari ne, sai an haɗa da dabarar da za ta sa mutuwar guda ɗaya ba ta tafi da kayan kowa ba.

Mu da muka taso a ƙasar noma ba sai an wahalar da mu wajen bayani ba. Ku ɗauki faifai a matsayin rumbu.

RAID 0: ka raba kowane dami gida biyu, rabi a wannan rumbu, rabi a wancan. Zubawa da ɗiba suna sauri, amma fa bayanan kwamfuta ba hatsi ba ne, rabin hoto ba ya buɗewa. Rumbu ɗaya ya ƙone, ka rasa duka. Wannan ba ya cikin biyar ɗin da masanan suka jera, domin babu kariya a cikinsa.

RAID 1: duk abin da aka rubuta a faifai na ɗaya, a rubuta irinsa sak a na biyu. Ɗaya ya mutu, ɗayan ya ci gaba. Kuɗin biyu ka biya, wurin ɗaya ka samu.

RAID 5: nan ne hikimar take. A ce ɗan kasuwar hatsi ya rubuta 7 a littafi na ɗaya, 5 a na biyu, sai ya rubuta jimilla 12 a na uku. Littafi na biyu ya ɓace? Sai ya cire 7 daga 12, ga 5 ta dawo. Haka kwamfuta take yi da lambobinta na 0 da 1, kuma tana rarraba wannan lissafin a kan dukkan faya-fayan. Aƙalla ana buƙatar guda 3, kuma mutuwar ɗaya kawai yake jurewa. Daga baya aka kawo RAID 6 mai jure mutuwar biyu.

BAƘIN ALLO YA SHIGO

To wa ke raba wannan aiki? Hanya biyu ce. Ta farko, wani kati na musamman da ake sokawa a cikin saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye wa jama'a kaya. HP suna da Smart Array, Dell suna da PERC, LSI ma a da suna da MegaRAID. Katin yana da ɗan ma'ajinsa da batir, saboda in an ɗauke wuta ana tsaka da rubutu, abin da bai kai ga faifai ba kada ya zube. Mu da NEPA ta saba yi wa ba-zata mun san darajar wannan batirin.

Yawancin sabobi ba su da allo mai hotuna da za ka danna. Daga nesa injiniya yake shiga, ya tarar da baƙin allo, ya rubuta umarni. A sabar HP, manhajar ta fara da suna hpacucli, ta koma hpssacli, yanzu ssacli. In yana son ganin yadda aka tsara faya-fayan sai ya rubuta:

ssacli ctrl all show config

In kuma lafiyar katin da batirinsa yake son dubawa:

ssacli ctrl all show status

Hanya ta biyu ita ce ta talaka: babu kati, manhaja ce ke yin aikin. Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya fara Linux a 1991, kyauta ga kowa. A 2001 wani ɗan Ostareliya, Neil Brown, ya rubuta manhajar da ta zama mdadm. Da layi ɗaya za ka haɗe faifai biyu su zama tagwaye:

mdadm --create /dev/md0 --level=1 --raid-devices=2 /dev/sdb /dev/sdc

Sannan ka duba lafiyarsu da:

cat /proc/mdstat

In ka ga UU, duka biyun suna raye. In ka ga U ɗaya da ɗan layi a gefensa, ɗaya ya tafi, maza ka nemo sabo kafin na biyun ya bi shi.

DAM DA MAGUDANAI

Akwai wata dabarar kuma da ake kira LVM, wadda Heinz Mauelshagen ya rubuta wa Linux a 1998. Ita kam mu mutanen Tiga mun fi kowa saurin gane ta. Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka datse Kogin Kano aka gina dam ɗin Tiga. Ruwan rafuka daban-daban ya taru wuri ɗaya, daga nan ake sakinsa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure gwargwadon buƙata. Manomin tumatir a Kadawa ba ruwansa da sanin daga wane rafi ruwan ya fito.

Haka LVM take. Umarnin pvcreate yana shirya kowane faifai kamar rafi, vgcreate yana tara su su zama dam ɗaya, lvcreate kuma yana yanka magudana ya ba kowane aiki rabonsa. Wuri ya ƙare? Ka ƙaro faifai cikin dam ɗin, ka faɗaɗa magudanar. Amma ku lura, tarawa kawai take yi. In ba a sa mata kariya ba, faifai ɗaya ya mutu, duk rabon da ya ratsa ta kansa ya lalace.

Kada ku ɗauka wannan labarin Turai ne kawai. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar ajiyar bayanai ta Galaxy Backbone a cikin birnin Kano. Irin waɗannan cibiyoyi, da na bankuna, da na Google da Facebook, duk a kan wannan tunanin suke tsaye: faifai zai mutu, dole ne, don haka a tsara yadda mutuwarsa ba za ta zama mutuwar bayanai ba.

INA WAYARKA TA SHIGO?

Wayarka ba ta da faifai mai juyawa. Ma'ajinta ɗan ƙaramin aisi ne da aka manne a jikin bod, irin fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Ƙaramin memorin da muke sakawa kuma, sunansa microSD tun 2005. Abin lura shi ne, aisin nan guda ɗaya ne tak. Ba shi da tagwaye, ba shi da littafi na uku. Rumbu ɗaya gare ka.

A 2015, da Android 6 ta fito, Google ta kawo zaɓin haɗe memori da cikin waya su zama kamar ma'aji ɗaya. Wasu kamfanoni sun ɓoye zaɓin, shi ya sa masu gyara suke jona waya da kwamfuta su yi ta baƙin allo:

adb shell sm list-disks

Wannan zai nuna lambar memorin, sai a bi shi da sm partition, a sa lambar, a rubuta private. Nan take duk abin da ke kan memorin ya goge, waya ta kulle shi da makulli na sirri, ta ajiye makullin a cikinta. Wurin ajiya ya ƙaru, gaskiya ne. Amma yanzu abu biyu ne ke iya cinye maka kaya: memori ya mutu ka yi asara, waya ta mutu ma ka yi asara. Lissafin masanan Berkeley ne ya dawo, a cikin aljihunka. Abin da ya sami Baban Doguwa ke nan.

BAƘIN ALLO BA YA TAMBAYA SAU BIYU

A 1998, ana cikin haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya rubuta umarnin gogewa a wurin da bai dace ba, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Da suka koma ga kwafin ko-ta-kwana, ashe ya daɗe ba ya aiki daidai. Abin da ya cece su, wata ma'aikaciya, Galyn Susman, tana jego tana aiki daga gida, akwai kwafi a kwamfutarta. A watan Maris na 2021 kuma gobara ta cinye wani ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Waɗanda ba su da kwafi a wani wurin sun rasa kayansu.

Darasin shi ne, RAID yana kare ka daga mutuwar faifai ne kawai. In ka goge abu da hannunka, a duka tagwayen yake gogewa lokaci ɗaya. In gobara ta tashi, rumbunan da ke jere a gida ɗaya tare suke ci. Haka ma umarnin clean na diskpart a Windows: ka zaɓi lambar faifan da ba shi ba, ba zai ce maka "ka tabbata?" ba. Shi ya sa ƙa'idata, sai na rubuta list disk na duba girman kowanne sau biyu kafin na taɓa komai.

ABIN YI YAU

1. In waya ta tambaye ka yadda za ta yi amfani da sabon memori, zaɓi na ajiyar hotuna wanda ake iya cirewa, sai dai in ka san abin da kake yi.
2. In kwamfuta ko waya ta ce a yi wa memori fomatin alhali akwai kayanka a ciki, ka ce a'a, ka cire shi.
3. Duk abu mai muhimmanci ya zama yana wuri uku: a waya, a filas ko kwamfuta, sannan a wani wuri nesa da gidanka, kamar Google Drive ko wajen ɗan'uwa amintacce.
4. Lokaci-lokaci ka buɗe kwafin ka gani ko yana aiki. Pixar ma da kwafinsu.
5. Ka rubuta adireshin Gmail ɗinka da lambar sirri a takarda, ka adana inda kake adana takardun gona.

Shi kuwa Baba, kwana uku na yi a kan bod ɗin wayarsa. Allah ya taimaka ruwan bai kai ga aisin ajiya ba, layin wuta ne ya ƙone. Da ta kawo haske ban tsaya komai ba, na mayar da memorin, na kwafe muryar wuri uku. Da na kunna masa ya ji yayansa yana lissafa iyaka daga tsamiya zuwa bakin rafi, sai ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce: "Allah ya yi maka albarka, yaro." Na ce: "Amin Baba, amma wannan sa'a ce, ba gwaninta ba ce. Da ruwan ya matsa gaba kaɗan, da ko wa kuka kai wa a Farm Centre ba abin da zai iya."

Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yan'uwa. Ku kwafe kayanku tun waya tana raye. Ku tura wa iyaye da abokan arziki su ma su amfana. Sai mun haɗu a darasi na gaba insha Allah, inda za mu ga yadda ake kwafe WhatsApp gaba ɗaya kafin a canza waya.