Zazzaɓin Lassa da Hannun Mai Jinya

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. Tarihin zazzaɓin Lassa ya nuna cewa mai jinya shi ne na farko da ya kamata ya riƙe wannan magana.

A watan Janairun 1969, wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yau. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa asibitin mishan a Jos, inda ta rasu. Abokiyar aikinta Charlotte Shaw, wadda ta riƙa goge mata baki alhali tana da ɗan rauni a yatsa, ita ma ta kamu, ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, an kai ta Amurka ta warke, kuma a Jami'ar Yale masana suka gano ƙwayar cutar, suka raɗa mata sunan garin.

A 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos. Likita Jeanette Troup ta yanke yatsa yayin binciken wata gawa, ba a daɗe ba ta riga mu gidan gaskiya. Daga baya aka tabbatar cewa wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da cutar. To amma a cikin asibiti, jini da sauran ruwan jikin majinyaci su ne hanyarta. An ga haka a Jihar Imo a 1989, inda maimaita allura ɗaya ga mutane da yawa da yin tiyata ba tare da kariya ba suka yaɗa cutar a asibitoci biyu. Mutum 34 suka kamu, 22 suka mutu, har da likitoci da nas-nas.

Saboda haka ƙa'idojin da ake koya wa ma'aikatan asibiti da na motar ɗaukar marasa lafiya ba ƙaƙale ba ne. Wanke hannu da sabulu, sanya safar hannu da takunkumi, rufe kowane rauni, jefa allura cikin akwatinta bayan amfani ɗaya, keɓe majinyaci, da wanke mota da ruwan kulorin bayan an sauke shi, duk da rayukan magabata aka saye su. Haƙƙin hukuma ne ta samar da kayan, haƙƙin ma'aikaci ne ya yi amfani da su ga kowane majinyaci, domin a farkonsa zazzaɓin Lassa kan yi kama da zazzaɓin cizon sauro.