Babi Na Biyu: Tarihin Malaman Farko na Ilimin Yara Masu Baiwa a Ƙasar Amurka

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin sawun rayuwar aiki ta wasu malamai biyu waɗanda masana ilimi suka amince cewa su ne suka aza harsashin ilimin yara masu baiwa, wato Lewis Terman da Leta Hollingworth. Abin da ake nufi da yara masu baiwa shi ne yaran da Allah ya hore wa basirar da ta zarce ta tsararsu nesa ba kusa ba. An zaɓi waɗannan malamai ne saboda dukkansu da alli suka fara, a ƙananan makarantu, amma daga baya kowa ya kama hanyarsa. Ɗaya ya duƙufa wajen auna basirar yara, ɗaya kuma ta duƙufa wajen koyar da su. Manufar babin ita ce a nuna cewa gano yaro mai baiwa somin taɓi ne kawai, babban aikin yana wuyan malamin da zai zauna da shi a aji.

2.1 Asalin Gwajin Basira

A shekarar 1905 ne wani Bafaranshe mai suna Alfred Binet, tare da abokin aikinsa Theodore Simon, suka fito da wani gwaji na auna fahimtar yara a birnin Faris. Nufinsu shi ne a gano yaran da karatu ke yi wa wuya domin a taimaka musu. Daga baya aka shigo da hanyar lissafi, inda ake raba shekarun hankalin yaro da shekarunsa na haihuwa, a ninka da 100. Ke nan yaro ɗan shekara 8 da ya amsa tambayoyin ɗan shekara 12 zai sami maki 150, matsakaicin yaro kuwa maki 100. Wannan ma'auni shi ne makamin da malaman nan biyu suka yi aiki da shi.

2.2 Lewis Terman

An haifi Terman a shekarar 1877 a gidan manoma a jihar Indiana. Ya yi makarantar horar da malamai, ya kuma koyar a makarantar ƙauye kafin ya wuce jami'a. Ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Clark a 1905. Da yake yana fama da tarin fuka, sai ya koma jihar Kalifoniya saboda iskarta, inda ya riƙe shugabancin wata makarantar sakandare, daga nan ya koyar a makarantar horar da malamai ta Los Angeles. A 1910 ya kama aiki a Jami'ar Stanford, inda ya zauna har ƙarshen aikinsa.

A 1916 ya gyara gwajin Binet ya dace da yaran Amurka, aka sa masa suna Stanford-Binet. A 1921 kuma ya fara binciken da ya ɗaukaka sunansa. Ya nemi malaman makarantu su ba da sunayen haziƙan ɗalibansu, aka yi musu gwaji, aka tace waɗanda suka yi zarra, har adadinsu ya kai 1,528. Ya ci gaba da bin rayuwarsu har ya mutu a 1956, wasu kuma suka ɗora daga inda ya tsaya. Binciken ya rushe wani tsohon zato da ke cewa yaro mai kaifin basira ba ya rasa raunin jiki ko taɓin hankali, domin an sami yawancinsu lafiyayyu masu iya zama da jama'a.

Sai dai kuma aikin nasa bai rasa aibi ba. Mafi yawan yaran Turawa ne 'yan birni daga gidajen masu rufin asiri, saboda haka ba su wakilci sauran jama'a ba. Haka kuma ya riƙa sa baki a rayuwarsu, yana rubuta musu takardun shaida na neman makaranta ko aiki, abin da ya sa da wuya a tantance ko baiwarsu ce kaɗai ta kai su inda suka kai. Bugu da ƙari, Terman ya auna yaran ya bi sawunsu, amma bai buɗe aji ya koyar da su ba.

2.3 Leta Hollingworth

An haifi Leta a shekarar 1886 a jihar Nebraska. Mahaifiyarta ta mutu tana da shekara 3. Ta kammala Jami'ar Nebraska a 1906, ta koyar a makarantun sakandare na jihar. A ƙarshen 1908 ta auri Harry Hollingworth ta tare a birnin New York. A nan ne aikinta ya tsaya cak, domin a lokacin hukumar makarantun birnin ba ta ɗaukar matar aure aikin koyarwa. Wannan ya sa ta koma karatu a Jami'ar Columbia, ta sami digiri na biyu a 1913, na uku kuma a 1916 a ƙarƙashin Edward Thorndike.

Abin lura shi ne, da yara masu raunin fahimta ta fara, tana yi musu gwajin Binet. A 1916, tana koyarwa a Kwalejin Malamai ta Columbia, sai ta so ta nuna wa ɗalibanta bambanci ta hanyar gwada wani haziƙin yaro ɗan shekara 8. Yaron ya sami maki 187. Tun daga ranar hankalinta ya karkata ga irin waɗannan yara, har ta zama ta farko da ta koyar da kwas na musamman a kan iliminsu.

A 1922 ta jagoranci buɗe azuzuwa na musamman a wata makarantar gwamnati mai lamba 165 a New York, inda aka tara yara kimanin 50 'yan shekara 7 zuwa 9, aka koyar da su tsawon shekara 3. A 1926 ta wallafa littafin da ake ɗauka shi ne na farko na koyarwa a wannan fage. A 1936 aka buɗe Makarantar Speyer, wadda ta haɗa azuzuwan masu jinkirin fahimta da na masu baiwa, ita kuwa tana jagorantar bincike. Da ta ga yaran suna gama manhajar da aka saba a cikin kusan rabin lokaci, sai ta cike sauran da nazarin tarihin abubuwan yau da kullum, kamar abinci da sutura da muhalli da sufuri, yaran da kansu suke tono bayanai suna tattarawa.

Zamanta da yaran ya nuna mata abin da gwaji ba zai nuna ba. Ta lura cewa yaro mai tsananin basira yakan gaji da aji ya koyi lalaci, yakan rasa abokin wasa saboda tsararsa ba su gane zancensa, wani lokaci kuma ya yi ta jayayya da manya. Don haka ta dage cewa malamin irin waɗannan yara sai ya kula da zuciyarsu kamar yadda yake kula da ƙwaƙwalwarsu. Ta mutu a watan Nuwamba na 1939 tana da shekara 53. Mijinta ne ya kammala littafinta a kan yara 12 masu maki sama da 180, aka buga shi a 1942.

2.4 Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Dukkansu biyu sun ba ma'aunin basira gaskiya fiye da kima, kuma dukkansu sun goyi bayan aƙidar nan ta zamaninsu mai cewa basira gado ce, don haka a ƙarfafa wa wasu haihuwa a rage ta wasu. Terman har ya shiga ƙungiyar da ke goyon bayan yi wa masu raunin hankali aikin hana haihuwa. Masana sun daɗe da yin watsi da wannan aƙida, kuma ba daidai ba ne a ba da tarihinsu a ɓoye ta. Inda suka rabu shi ne, Hollingworth ta yarda cewa baiwa takan lalace idan ba ta sami makaranta da malamin da suka dace ba. Tarihi ya fi karkata ga ra'ayinta. Rahoton Marland da aka miƙa wa Majalisar Dokokin Amurka a 1972 ya faɗaɗa ma'anar baiwa ta haɗa da ƙirƙira da shugabanci da fasahar zane da waƙa, ya kuma nuna cewa yawancin irin waɗannan yara ba su samun kulawar da ta kamace su.

2.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Terman ya bar wa fagen ma'auni, Hollingworth kuma ta bar masa aji da manhaja da malami. Wannan darasi ya shafe mu a Nijeriya, inda Gwamnatin Tarayya a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida ta kafa makarantar yara masu baiwa a Suleja, ana tace ɗalibanta ta hanyar jarrabawa. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai an sami mai tanƙwarawa. Babi na gaba zai dubi irin horon da ya kamata a ba malamin da za a danƙa wa irin waɗannan yara.