Ƙullutu a mama lokacin juna biyu: dalilansa da yadda ake bincikarsa

Juna biyu kan sauya halittar mama: ya kumbura, ya yi nauyi, jijiyoyin nono su buɗe. Wannan ne ya sa ƙullutun da ya fito a lokacin ke da wuyar ganewa, har mace ta ɗauka ruwan nono ne ke taruwa. A garuruwa irin su Damaga ta ƙaramar hukumar Maradun, da ƙauyukan Bakura da Talata Mafara a jihar Zamfara, inda asibitin ƙwararru ke da nisa, akan ce a bari sai an haihu, ko sai an yi yaye. Jiran nan na iya kaiwa shekara biyu, kuma a cikinsa haɗarin yake.

Me ke kawo shi?

Yawancin irin wannan ƙullutu ba kansa ba ne. Yana iya zama nonon da ya taru a jijiyar da ta toshe, ko ƙari marar illa da sinadaran ciki suka girmar, ko maruru mai zafi da zazzaɓi. Sai dai ana samun kansar mama a kusan ciki 1 cikin 3,000. A Najeriya ita ce kansar da ta fi kama mata. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna sabbin masu ɗauke da ita sun haura 32,000.

Alamomin da ba a jira da su

Ƙullutun da ya wuce mako biyu bai baje ba, ko da ba ya ciwo. Jini daga kan nono. Kan nono ya shige ciki. Fata ta yi kauri kamar ɓawon lemo. Ko kumburi a hammata.

Yadda ake bincike

Matakin farko shi ne a nuna wa ma'aikaciyar lafiya a wurin awon ciki. Daga nan sai sikanin, irin wanda ake duba jariri da shi, kuma ba ya cutar da ciki. Idan likita bai gamsu ba, akan kashe zafin wurin a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Wannan ne kaɗai ke tabbatar da ko kansa ce. Babban asibitin Talata Mafara na iya tura mace Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Idan kansa ce

Ana iya magani ba tare da an zubar da cikin ba. Ana yin tiyata da juna biyu. Maganin kansa na ƙarin ruwa sai ciki ya wuce wata uku, a dakatar da shi makonni kafin haihuwa. Gashi kuwa akan jinkirta shi sai bayan an sauka.

Sakiya ko tsagar wanzami na iya jawo gyambo, su kuma cinye lokaci. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da iyalinsa ke gida, nauyin da ke kansa shi ne ya ba da izini da kuɗin mota da wuri, domin kansar da aka gano tun tana ƙarama ta fi jin magani.