Kibɗawa da Mayafin da Ya Raba Kurkuku

Wani mai karatu daga Sabon Birni ya aiko da tambaya cewa, tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata a cikin Infaƙul Maisuri cewa asalin Gobirawa daga Kibɗawan Masar yake, waɗanne irin mutane ne Kibɗawan nan? Maganar nasaba na bar wa dattawan Sabon Birni da na Isa, amma akwai wata fitina a tarihin Kibɗawa da ta cancanci a tsaya a kanta.

Su dai Nasara ne, kuma wasiƙar da Bulus ya aika wa mutanen Koranti ta karantar da su cewa jama'ar masu bi jiki ɗaya ce mai gaɓoɓi da yawa, kuma ƙauna ta ɗara imani da sa rai. Jarrabawar wannan karatu ta zo a shekarar 303, sa'ad da Kaisar Diyokilitiyan ya yi umarni a rushe majami'u, a ƙone littattafai, daga baya aka tilasta wa mutane yin hadaya ga gumaka, har wasu suka jure aka kashe su, wasu kuwa suka yi ridda. A 306 Bitrus, limamin Iskandariyya, ya ba da fatawa mai sassauci, cewa wanda ya yi ridda bayan an gana masa azaba ya ƙara kwana 40 na tuba a karɓe shi, amma Melitiyas, limamin Asiyut, ya ga an yi gaggawa.

Afifaniyas na Kubrus ya ruwaito cewa a kurkuku ɗaya aka tsare su biyun tare da wasu masu bi, da gardama ta yi zafi sai Bitrus ya tuɓe mayafinsa ya rataye shi a tsakiyar ɗakin, ya sa aka yi shela kowa ya koma ɓangaren wanda yake bi, mafi yawa kuma suka koma wajen Melitiyas, kowane sashe yana addu'arsa dabam. Ruwayar tana taɓa zuciya, sai dai isnadinta da rauni, domin wajen shekara 70 bayan aukuwar abin aka rubuta ta. Na fi amincewa da takardar da limamai huɗu, cikinsu har da Filiyas, suka rubuto daga kurkuku, suna kukan cewa Melitiyas yana shiga ƙasashensu yana naɗa malamai ba da izninsu ba, alhali suna raye. A ganina rigimar shugabanci ce ta riga maganar ridda, kuma abin baƙin ciki ne ta auku tsakanin mutanen da takobi ɗaya yake jira.

An fille kan Bitrus a 311. Majalisar Nikiya ta 325 ta bar wa Melitiyas laƙabinsa, ta hana shi naɗi, amma mabiyansa, masu kiran kansu Jama'ar Shahidai, sun wanzu a gidajen ruhubanawa har bayan Amru ɗan Asi ya ci Masar.