Gigin Tsufa a Arewacin Zamfara: Tarihin Fahimtarsa da Zama da Mai Shi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda a cikinmu ya taɓa fita neman tarihin baka ya san irin wannan rana. Za a yi maka kwatancen wani dattijo, a ce duk garin babu wanda ya kai shi sanin jerin sarakuna da asalin unguwanni. Ka iske shi a zaure, ya ba ka labarin wata yunwa da aka yi yana yaro dalla-dalla, amma kafin ku rabu ya tambayi sunanka sau biyar, ya kuma tambayi ɗansa ko mahaifiyarsa, wadda ta daɗe da rasuwa, ta dawo daga rijiya. Sai ɗan ya ja ka gefe ya ce, "Malam, a yi haƙuri, Baba gigin tsufa ya fara taɓa shi."

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda aka fahimci wannan hali, tun daga Bahaushe da malamansa har zuwa likitoci, sa'an nan mu dubi halin da masu fama da shi ke ciki a Galadi da ƙasashen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, gigin tsufa cuta ce, kuma babban abin da ya riƙe masu ita tun zamanin da shi ne gida da garin da suka saba da su, waɗanda a wannan yanki suke cikin haɗari a yau.

2.0 Bahaushe da malamansa

Bahaushe ya raba taɓuwar hankali gida-gida. Akwai mantuwa ta yau da kullum, wadda ba ta bar kowa ba. Akwai hauka, wadda yakan danganta da iskoki ko sammu, a kai mai ita wurin malam ko boka, wani lokaci har a sa shi a turu. Sa'an nan akwai gigin tsufa, wanda wasu ke ce wa ruɗewa, a ce wane ya koma yaro. Shi wannan na uku ba a kai shi ko'ina, a gida yake zama cikin 'ya'ya da jikoki, ana kiransa Baba ko Kaka kamar yadda aka saba.

Wannan rabo ya yi amfani, domin ya kare tsoho daga sunan hauka, ya bar shi da mutuncinsa. Amma ya zo da illa, domin tun da an ɗauke shi wani ɓangare na tsufa, ba a neman sanin musabbabinsa. Haka kuma kariyar ba ta game kowa ba. Tsohuwar da ba ta da ɗa a kusa, idan ta fara yawon dare tana sambatu, takan iya faɗawa cikin zargin maita.

Malamai kuwa sun sami zancen a rubuce. Alƙur'ani, a aya ta 70 ta Suratun Nahli da aya ta 5 ta Suratul Hajji, ya ambaci matakin rayuwa da mutum ke kaiwa ya rasa sanin abin da ya sani a da. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan ƙasar nan, hankali sharaɗi ne na hawan hukunci a kan mutum, kuma Muhtasar na Halil yana da babi a kan hana wanda ba shi da hankali sarrafa dukiyarsa da naɗa masa mai kula da ita. Malaman hadisi sun ƙara matsawa gaba. Sun lura wasu amintattun maruwaita sukan rikice a ƙarshen rayuwa, suka kira abin ihtilaɗi, har Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya keɓe masa babi a littafinsa na ilmin hadisi. Ƙa'idarsu ita ce a karɓi abin da aka ji daga mutum kafin ya rikice, a ajiye abin da aka ji bayan haka. Ta wannan hanya aka karɓi ruwayar Shu'uba da Sufyanus Sauri daga Aɗa'u ɗan Sa'ib na Kufa, domin sun ji daga gare shi tun yana garau. Watau sun gane abin yana da mafari, yana kuma ƙaruwa, ba tare da sun zubar da darajar mai shi ba.

3.0 Yadda likitoci suka gano cutar

A Turai ma, har ƙarshen ƙarni na 19 ana ganin ruɗewar tsoho tsufa ce kawai. A watan Nuwamba na 1901 aka kai wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a Jamus, tana fama da mantuwa da zargin mijinta da kasa rubuta sunanta. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer. Da ta rasu a Afrilu na 1906, ya bincika ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga ta motse, ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyinta da wasu zare-zare a sarƙe a cikinsu. Ya gabatar da wannan a wani taron likitoci a Tubingen a Nuwamba na 1906, kuma a 1910 maigidansa Emil Kraepelin ya raɗa wa cutar sunansa.

Duk da haka an shafe shekaru fiye da 60 ana zaton cuta ce ta 'yan tsiraru da ke rikicewa kafin su tsufa. Sai a 1976 likitan Amurka Robert Katzman ya kafa hujja cewa ita ce dai ke kama yawancin tsofaffin da ake ce wa sun ruɗe. A 1984 aka gano sinadarin da ke yin dunƙulen nan, watau amiloyid, daga baya aka gane zaren kuwa na sinadarin tawu ne. Ɓarnar takan fara ne daga sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu, shi ya sa dattijon da muka ambata ya riƙe labarin ƙuruciyarsa amma ya kasa riƙe sunan baƙonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke da ciwon ruɗewa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na wannan adadi.

4.0 Bincike a Nijeriya

Dokar mahaukata ta Turawan mulki ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, tsarewa ta sa a gaba, saboda haka ba wanda zai miƙa mata mahaifinsa don ya fara mantuwa. Da yake irin waɗannan tsofaffi ba su zuwa asibiti, sai aka daɗe ana zaton cutar ba ta da yawa a Afirka. Canji ya fara a 1954, lokacin da Dokta Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyaci ke zama a gidajen ƙauye tare da ɗan'uwansa yana karɓar magani. Darasin Aro shi ne dangi wani ɓangare ne na jinya.

A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana suka fara kwatanta Yarbawan unguwar Idikan a Ibadan da baƙar fatar birnin Indianapolis, masu shekara 65 zuwa sama. Sakamakon 1995 ya nuna ciwon ruɗewa ya kama kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, da kashi 8.24 a Indianapolis. A Arewa kuwa, binciken da Dokta A. J. Yusuf da abokan aikinsa suka yi a Zariya a kan tsofaffi 322, wanda ya fito a 2011, ya sami kashi 2.79 cikin 100, kashi biyu cikin uku nasu kuwa cutar Alzheimer ce. Idan muka ɗauki wannan a matsayin ma'auni, garin da ke da tsofaffi 300 zai iya samun kamar mutum takwas. Adadin ba shi da yawa a ido, amma kowane ɗaya gida guda ne da barcinsa da nomansa suka canja. An maye gurbin tsohuwar dokar da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu na 2023.

5.0 Galadi da maƙwabtanta

Galadi tana cikin Ƙaramar Hukumar Shinkafi, a yankin da ke da tsohon tarihi, domin Dutsi, wadda ake ɗauka mazaunin farko na sarakunan Zamfara, tana ƙasar Zurmi. Rayuwar ƙauyukan yankin, kamar ta sauran ƙasar Hausa, an gina ta ne a kan gandu, inda 'ya'ya maza ke noma gonar uba suna zaune da iyalinsu a gidansa. A irin wannan gida tsohon da ya rikice ba ya rasa ido a kansa. Surukai na ba shi abinci, jikoki na raka shi masallaci, idan ya ɓace hanya duk wanda ya gan shi ya san gidansu.

Abubuwa uku suka raunana wannan tsari. Na farko, isowar jirgin ƙasa Ƙaura Namoda a 1929 ta buɗe cinikin gyaɗa da auduga, ta sauƙaƙa wa samari tafiya cin rani da neman na kansu. Na biyu, farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya kori magidanta da yawa zuwa birane. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne ta'addancin 'yan bindiga da ya addabi Zamfara tun wajen 2011, wanda ya tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Shinkafi da Zurmi. A Satumba na 2021 har an rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar saboda matakan tsaro, abin da ya yanke tsakanin 'ya'yan da ke birni da iyayensu na wani lokaci.

Ga mai cutar Alzheimer, gudun hijira ya fi asarar gona. Sa'ad da ƙwaƙwalwa ta daina ajiye sabon abu, mutum yana dogara ne da abin da ya saba da shi: ƙofar ɗakinsa, da inuwar da yake zama, da muryar ladanin unguwa. Idan aka kai shi gidan dangi a Shinkafi ko Ƙaura ko Gusau, ba zai iya koyon sabon wurin ba, sai ruɗewarsa ta ƙaru, ya riƙa fita yana neman hanyar gida. A lokacin da baƙuwar fuska ke jawo zargi, tsohon da ya kasa faɗin sunansa da garinsa yana cikin haɗari babba. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kuwa suna manyan asibitoci ne, irin su Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar da ke da tsada da kasada ga talaka.

6.0 Zama da mai cutar

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar ba. Magunguna irin su donefezil da memantin suna rage alamun ne na wani lokaci, sababbin da aka amince da su a Amurka a 2023 da 2024 kuwa suna rage saurin cutar kaɗan, ga tsada. Duk da haka zuwa asibiti yana da fa'ida, domin zazzaɓi da ciwon mafitsara da ƙarancin wasu sinadaran abinci da baƙin ciki mai tsanani duk suna rikita tsoho, kuma ana maganinsu. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku tana bukatar likita da gaggawa. Bugu da ƙari, kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2024 cewa kimanin kashi 45 cikin 100 na ciwon ruɗewa yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, cikinsu har da hawan jini da ciwon sukari da raunin ji da rashin karatu tun ƙuruciya.

A cikin gida, abin da ya fi amfani sananne ne ga iyayenmu mata. A tsayar masa da lokacin abinci da na barci, kada a yawaita canja masa ɗaki. Kada a yi musu da shi. Idan ya nemi wanda ya rasu, a ja shi da hirar mamacin maimakon a sabunta masa mutuwar kullum. Da yawansu sun fi rikicewa da almuru, sai a kunna fitila da wuri, a rage hayaniya. A nesanta shi da wuta da rijiya. Wanda aka yi hijira da shi, a ɗinka masa takarda mai sunansa da garinsa da lambar wani nasa a jikin riga, a kuma sanar da mai unguwa da limami. Sa'an nan a raba ɗawainiyar, domin yawanci mace ɗaya ake bar wa, har ita ma ta kwanta.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa Bahaushe ya ba wannan hali suna mai kare mutunci, malamai suka ba shi hukunci da ƙa'ida, likitoci suka gano musabbabinsa. Abin da ya rage mana shi ne mu haɗa ukun: mu kira shi cuta don a nemi taimako, mu kuma bar mai ita a cikin danginsa. Muna ba da shawara a koya wa ma'aikatan asibitocin karkara da limamai alamun cutar da Hausa, a kuma riƙa tambayar halin tsofaffi a duk inda ake rajistar 'yan gudun hijira.

Mu masu nazarin tarihi kuwa muna da namu nauyin. Aikin Kurt Krieger na 1959 da kundin Dokta Garba Nadama na 1977 a kan Zamfara sun amfana da abin da dattawa suka riƙe a ka. Dattawan Galadi da Shinkafi da Zurmi da suka rage suna warwatse, wasunsu kuma mantuwa ta fara cin abin da suka sani. Lalle ne mu hanzarta ɗaukar bayanansu, mu rubuta shekarar da aka yi hirar da halin da mai bayanin yake ciki, kamar yadda malaman hadisi suka yi. In kuwa muka tarar gigi ya riga mu, sai mu zauna mu saurara da ladabi, mu tambayi wanda ya ji daga gare shi tun yana garau.